Zaɓen Manhajar Haɗa Kiɗa da Ɗaukar Murya: Kwatanci ga Mai Gani da Mai Lalurar Gani

Manhajojin da ake aikin waƙa da su a kwamfuta sun yi yawa, kuma kowace tana da masoyan da za su rantse cewa babu kamarta, sai dai ayyukan da ake nema a wurinsu ba su wuce uku ba. Akwai haɗa kiɗa daga sautukan da ke cikin kwamfuta, akwai ɗaukar murya da kayan kiɗa ta makirufo sannan a tace su, akwai kuma rubuta kiɗa da alamominsa a takarda domin wani ya karanta ya kaɗa. Babu manhajar da ta fi kowa a dukan ukun. Ga mawaƙi ko makaɗi mai lalurar gani kuwa, akwai tambayar da ke gaban waɗannan duka, wato ko manhajar tana yarda a sarrafa ta da madannai da kunne kawai, ba tare da linzamin kwamfuta ba. Idan amsar ta zama a'a, to duk sauran alheran da ake lissafa mata ba su shafe shi ba, ko da kyauta aka ba shi ita.

Ya dace a fara da FL Studio, domin ita ce wadda matashi zai fi cin karo da ita idan ya shiga situdiyo a Kano ko Kaduna ko Jos, kuma har yau wasu da tsohon sunanta na FruityLoops suke kiranta. Kamfanin Image-Line na ƙasar Beljiyam ne ya fitar da ita a ƙarshen shekarun 1990, a matsayin ƙaramar manhajar jera bugun ganga, daga baya ta girma ta zama cikakkiyar situdiyo. Ƙarfinta yana cikin sauri. Mutum yana buɗe ta zai ga layuka, kowane layi da sautinsa, a gabansa kuma ƙananan akwatuna goma sha shida. Ya danna na ɗaya da na biyar da na tara da na goma sha uku a layin babbar ganga, ya cika na tsakani da tafi da kacau-kacau, kafin minti biyu kiɗa ya fara juyawa. Allon da ake zana muryoyin fiyano a kansa ma yana cikin waɗanda masu sana'ar suka fi yabawa. Wanda ya saya sau ɗaya yana samun duk sababbin fitowa kyauta har abada, abin da ba kasafai ake samu a wannan kasuwa ba. Sai dai a kula da tarko guda: mafi arhar nau'inta, na dala 99, ba ya ɗaukar murya ta makirufo, saboda haka mawaƙi sai ya hau mataki na gaba, wanda kuɗinsa ya haura dala 150.

Duk wannan daɗi na ido ne. Akwatunan nan da maɓallan da ake murɗawa zane ne da manhajar take zanawa da kanta, ba irin maɓallan Windows na yau da kullum ba ne, don haka manhajar karanta allo, wadda ita ce idon makaho a kwamfuta, ba ta samun abin kirki da za ta faɗa masa. Zai iya haddace wasu gajerun hanyoyi na madannai, ya kunna ya kashe, amma ba zai san a kan wane layi yake ba, ko wane sauti ya zaɓa. A ganina, malamin da ya zaunar da ɗalibi makaho a gaban FL Studio don kawai ita ya iya, ya ɗora masa dogaro da mai gani na tsawon sana'arsa.

Cubase ta kamfanin Steinberg da ke Hambug a Jamus ta girme ta nesa ba kusa ba, domin tun 1989 take, kuma kamfanin ne ya ƙirƙiro tsarin VST a 1996, wanda ta hanyarsa ake cusa ƙarin kayan kiɗa da na gyaran sauti cikin kusan kowace manhaja a yau. Tun farkon 2005 kamfanin yana hannun Yamaha. Wannan yana da ɗan muhimmanci a wurinmu, saboda kiɗan fiyano na waƙoƙin finafinan Hausa a kan fiyanon Yamaha ya tashi, kuma wanda hannunsa ya saba da kaɗawa a kan fiyano yana ɗauka layi bayan layi zai fi sakewa a Cubase fiye da jera akwatuna. Ta ƙware wajen ɗaukar murya, da jera 'yan amshi, da gyara muryar da ta ɗan kauce ta hanyar abin da suke kira VariAudio. Matsalarta biyu ce. Babban nau'inta ya haura dala 500, ko da yake tun fitowa ta 12 a 2022 an daina tilasta wa mutum ɗan makullin USB da a da sai an soka shi manhajar take buɗewa. Sannan ga makaho, labarinta bai fi na FL Studio daɗi sosai ba: jerin umarninta na sama ana iya karanta shi, amma ainihin filin aikin da ake yanka da jera sauti a kansa na mai gani ne.

Inda magana ta fi tsawo shi ne REAPER, kuma ita ce nake ganin ta fi dacewa da mai lalurar gani da ke amfani da Windows. Kamfanin Cockos ne yake yin ta, wanda Justin Frankel ya kafa, mutumin da ya yi Winamp da aka sha jin waƙoƙi da ita a kwamfutocin da. Ta fito a 2006. Nauyinta wajen saukewa bai kai megabait 20 ba a Windows, tana tafiya a tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka ba tare da gardama ba, ana ma iya girka ta a kan filas a yi yawo da ita daga wannan situdiyo zuwa waccan da duk saitin da mutum ya saba da shi. Ana gwada ta kwana 60 kyauta ba tare da an rufe komai ba. Bayan haka lasisinta dala 60 ne ga mai amfanin kansa, ko wanda abin da yake samu da ita a shekara bai wuce dala 20,000 ba, dala 225 kuma ga babban kamfani, kuma manhajar iri ɗaya ce a duka biyun. Wanda ya san yadda kwafin sata na manyan manhajoji yake shigo da ƙwayoyin cuta cikin kwamfuta, ya kuma daskare ana tsakar ɗaukar murya, zai gane darajar samun halastacciyar manhaja a wannan farashi.

REAPER ita kaɗai ba ta magana yadda ya kamata. Abin da ya mayar da ita gidan makafi shi ne wani ƙari na kyauta mai suna OSARA, wanda James Teh ya rubuta. Shi makaho ne ɗan Ostireliya, kuma shi da Michael Curran, wanda shi ma makaho ne, suka gina NVDA, manhajar karanta allo ta kyauta da aka fara a 2006. Wannan ya sa ba a yi OSARA bisa hasashen abin da makaho zai buƙata ba. Wanda yake cikin halin ne ya yi ta don aikinsa. Tana aiki da NVDA da JAWS, wata manhajar karanta allo, a Windows, tana kuma aiki da VoiceOver, manhajar karanta allo ta kwamfutar Apple. Yawanci ana haɗa ta da wani ƙarin kyauta mai suna SWS domin wasu umarnan su cika.

Ga yadda aikin yake a zahiri. Mawaƙi ya sa abin ji a kunne, ya danna kibiyar ƙasa, sai murya ta gaya masa lambar layin da sunansa, a ce layi na uku, amshi. Ya danna F7, ta ce an ɗana layin domin ɗauka. Ya danna R, kiɗa ya tashi, ya rera baitinsa, ya danna dogon madannin tazara ya tsayar. Idan yana son ya ji amshin shi kaɗai sai ya danna F6, idan kuma yana son ya rufe bakin wani layi sai F5. Da kibiyar hagu da ta dama yake jan sautin a hankali yana saurare, har ya iso daidai inda numfashi ya shiga tsakanin kalma da kalma, ya yanka a nan. Mai gani yana duban zanen igiyar sauti ya yanka, shi kuwa da kunne yake yi, kuma sau da yawa yankan kunne ya fi tsafta, tunda mai sauraro ma da kunne zai yi hukunci. Fitilar nan mai ja da take gargaɗin cewa sauti ya yi ƙarfi har zai fashe, OSARA ta maye gurbinta da mai gadi da ake saita masa iyaka, da zarar murya ta kai wurin sai ya faɗa. Sabon shiga kuma yana da F12: idan ya danna shi, duk madannin da ya taɓa za a gaya masa aikinsa ba tare da an aikata ba, sai ya yi ta lalube har hannunsa ya haddace.

Akwai wata dabara a nan da ta cancanci a tsaya a kanta. Yawancin ƙarin kayan gyaran sauti da ake saya daga wasu kamfanoni suna zuwa da fuska mai zanen maɓallai wadda manhajar karanta allo ba ta gani. OSARA tana zagaye wannan fuska, ta jero wa mutum duk abubuwan da ake iya murɗawa a matsayin jerin sunaye da lambobi, ya zaɓi ɗaya ya ƙara ko ya rage. Ba kullum abin yake daɗi ba, domin wani kayan yana da ɗaruruwan abubuwa marasa tsari, wani kuma wajen shigar da lasisinsa ne ake maƙalewa sai an nemi mai gani. Amma ƙofa ce da ba a samu a FL Studio ko Cubase.

Laifin REAPER a bayyane yake, kuma bai kamata a ɓoye shi ba. Tana zuwa kamar shago ne da aka gama gini aka ja wuta amma ba a zuba kaya ba: akwai kayan tace sauti masu kyau, har da ReaTune na daidaita murya, amma babu tarin sautukan fiyano da ganguna da sarewa irin waɗanda FL Studio ko Logic ta Apple suke zuwa da su. Sai mutum ya nemo da kansa. Daga cikin na kyauta akwai Surge XT, wadda aka gina ta da la'akari da masu karanta allo, daga cikin na kuɗi kuma akwai fiyanon Komplete Kontrol na kamfanin Native Instruments, wanda yake faɗin sunan sautin da aka zaɓa da na maɓallin da aka taɓa, sai dai a tabbatar samfurin da za a saya yana da wannan magana kafin a biya. Wanda yake da fiyanon Yamaha a gida ma bai rasa komai ba, domin zai iya ɗaukar sautinsa kai tsaye ta waya, ko ya haɗa shi ta MIDI, tsarin da fiyano yake gaya wa kwamfuta abin da aka kaɗa, wanda ake amfani da shi tun 1983. Abu na biyu, saitin REAPER yana da yawa har yakan tsorata sabon shiga, kuma abin da muryar take faɗa da Turancin sana'a ne, don haka makonnin farko na koyon kalmomi ne kafin na kiɗa.

Wanda yake da halin sayen kwamfutar Apple yana da wasu zaɓuɓɓuka biyu. VoiceOver a cikin kwamfutar take tun 2005, ba a saya ba a girkawa. GarageBand kyauta ce, kuma yayarta Logic Pro, wadda Apple ya mallaka tun da ya sayi kamfanin Emagic a 2002, dala 199.99 ce biya ɗaya, tana tafe da dubban sautuka. Makafi da dama suna aiki da Logic, kuma ta fi REAPER sauƙi ga wanda yake son ya zauna ya fara haɗa kiɗa nan take, ko da yake shiga da fita cikin sassan allo da VoiceOver yana cin lokaci fiye da danna madanni guda. Pro Tools ta kamfanin Avid ita ce ta manyan situdiyo da masu aikin sautin fim, tana aiki da VoiceOver, kuma akwai ƙari mai suna Flo Tools da makafi masu sana'ar suka haɗa domin rage wahalar. Amfaninta na gaske yana ga wanda zai riƙa musayar aiki da manyan situdiyo na waje. Tsarin kuɗinta ya fi karkata ga biyan wata-wata ko shekara-shekara da dala, kuma wannan nauyi ne ga wanda yake samu da naira ko sefa. A kan Windows kuwa, makaho kada ya sa ran samun wannan sauƙi daga Pro Tools.

Ableton Live ta birnin Balin na Jamus ta daɗe tana cikin waɗanda makafi suka haƙura da su, har sai fitowa ta 12 a 2024, wadda ta zo da goyon bayan manhajar karanta allo a Windows da Apple. Wannan ci gaba ne na gaske, musamman ga mai son kiɗan da ake jujjuya gutsattsarinsa a kan dandamali. Amma sabuwar hanya ce, masu koyarwa da ita ba su kai na REAPER yawa ba, ƙaramin nau'inta na dala 99 layi 16 kawai yake bayarwa, babban kuma ya haura dala 700. Audacity kuwa kyauta ce, tana aiki da NVDA, ta isa ga mai ɗaukar wa'azi ko karatu ko waƙar baka da ba ta da kiɗa, amma ba a yi ta don haɗa kiɗa da fiyano ba.

Tarihi yana da gargaɗi a nan. Shekaru da dama, makafi masu Windows a kan Cakewalk Sonar suka dogara, tare da JAWS da wani ƙari na kuɗi mai suna CakeTalking. Da aka sake fasalin Sonar bayan fitowa ta 8.5, sauƙin ya lalace, mutane suka maƙale a tsohuwar fitowa, sannan a 2017 kamfanin Gibson ya rufe Cakewalk, kafin kamfanin BandLab ya saye ta ya sake ta kyauta a 2018. Haka ma Finale, tsohuwar manhajar rubuta kiɗa, aka daina yin ta a 2024. Mai gani idan manhajarsa ta mutu, wata zai koma cikin 'yan makonni; makaho kuwa ya yi asarar ɗaruruwan madannai da ya haddace. Wannan na cikin dalilan da suka sa nake fifita OSARA da NVDA, domin rubutun da aka gina su da shi a buɗe yake ga kowa, ba sa hannun kamfani guda da zai wayi gari ya rufe.

Rubuta kiɗa a takarda bai shafi yawancin mawaƙanmu ba, tunda waƙar Hausa da ka ake riƙe ta, da kunne ake koyonta. Ya shafi ɗalibin sashen kiɗa a jami'a, da mai koyar da mawaƙan coci, da ɗan badujala. Ga waɗannan MuseScore ta wadatar: kyauta ce, fitowarta ta 4 ta zo a ƙarshen 2022, tana gaya wa mai karanta allo kowace alama da tsawonta, kuma daga 2023 an ƙara mata wurin da yake nuna kiɗan da rubutun makafi. Sibelius ta Avid ma tana magana da manhajar karanta allo, sai dai da kuɗi. Wanda yake buƙatar a mayar masa da takardar kiɗa zuwa rubutun makafi domin bugawa, GOODFEEL ta kamfanin Dancing Dots da ke Amurka don wannan aka yi ta tun 1997, kuma tana da tsada.

Akwai abin da ya shafi kiɗanmu da ya kamata ya shiga lissafi, ko mutum yana gani ko ba ya gani. Kalangu magana yake yi, makaɗi yana matse tsirkiya a hammata sautin ya hau ya sauka yana bin karin harshe, kuma wannan ba ya shiga akwatuna goma sha shida. Goge da kukuma da gurmi su ma ba dole ne muryoyinsu su faɗa daidai kan madannan fiyano ba. Idan aka ɗora musu na'urar daidaita murya irin Auto-Tune, wadda kamfanin Antares ya fitar a 1997, aka tsananta ta, sai ta ja kowane sauti zuwa na fiyano mafi kusa, armashin ya tafi. Saboda haka wanda aikinsa ya fi karkata ga kiɗan gargajiya, manhajar da ta ƙware a ɗauka ta makirufo yake buƙata, wato REAPER ko Cubase ko Pro Tools, tare da makirufo mai kyau da ɗakin da ba ya amsa-kuwwa. Wanda kuma kiɗan zamani na rawa yake haɗawa daga sautukan kwamfuta, kuma yana gani, FL Studio za ta fi yi masa sauri, ga shi zai sami mai koya masa a unguwarsu.

Wajen sayen akwatin sauti da ake soka makirufo a jikinsa, mai lalurar gani ya nemi wanda maɓallansa na hannu ne da ake murɗawa a ji, kamar ƙananan Focusrite Scarlett, ya guji wanda sai ta cikin manhaja ake saita komai nasa. Ya kuma bar muryar NVDA tana fita ta sifikar kwamfutar ko wani abin ji daban, kiɗan kuma yana bi ta akwatin, domin direban ASIO, wato 'yar manhajar da take haɗa akwatin da kwamfuta, yakan riƙe akwatin shi kaɗai ya hana muryar fita, kuma ba a son maganar kwamfuta ta kutsa cikin abin da ake ɗauka. Inda wuta take ɗaukewa ba sallama, kwamfutar tafi-da-gidanka mai batir mai kyau ta fi ta tebur, kuma a saita manhajar ta riƙa adana aiki da kanta kowane 'yan mintuna.

Saura damuwar da ta fi hana mutane barin manhajar da kowa yake amfani da ita, wato yadda za a yi aiki da sauran situdiyo. Gaskiya ne fayil ɗin FL Studio ba ya buɗewa a REAPER, na REAPER ma ba ya buɗewa a Cubase. Amma ba fayil ɗin manhaja ake aikawa ba. Wanda ya haɗa kiɗa zai fitar da kowane layi daban a matsayin fayil ɗin sauti na WAV, ganga daban, fiyano daban, amshi daban, dukansu su fara a daidai lokaci guda ko da wani layin shiru ne a farkonsa, ya rubuta saurin kiɗan a jikin sunan jakar. Wanda ya karɓa ya zuba su a manhajarsa, za su jeru daidai, ya ɗora murya ya tace, ya mayar ta wannan hanya. A roƙi mai aikowa ya sa wa kowane fayil sunan abin da ke cikinsa, domin sunan nan shi ne abin da NVDA za ta karanta idan aka danna kibiyar ƙasa.